Yadda za ka fita daga kwas ɗin kafa kasuwanci a jami'a da ciniki a hannu

Ko injiniya kake karantawa a ATBU Bauchi, ko lissafi a Jami'ar Jihar Gombe, ko harshe a Gaɗau ko Kashere, akwai kwas ɗin da ba makawa sai ka zauna masa, wato koyon dogaro da kai da kafa kasuwanci. Gwamnatin tarayya ta wajabta shi a manyan makarantu tun daga zangon karatu na 2007/2008. A sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022, an raba shi gida biyu: ENT 211 a aji biyu, inda ake koyar da tunanin ɗan kasuwa da ƙirƙira, sai ENT 312 a aji uku, inda ake so ɗalibi ya kafa wani abu da hannunsa. A wannan na biyun manhajar ta ware awa 15 ga lacca, awa 45 ga aiki. Kashi uku cikin huɗu na lokacin ke nan ake nufin ɗalibi ya yi shi a wajen aji.

Samun makin ba shi da wuya. A haɗa rukuni, a yi karo-karo, a dama sabulun ruwa jarka ɗaya, a ɗauki hoto, a buga rahoto, shi ke nan. Sai dai wanda ya bi wannan hanya zai gama bai taɓa karɓar kuɗin mutumin da bai san shi ba, kuma abin da kwas ɗin ya zo koyarwa ke nan. Abin da ya kamata ka sa a gaba shi ne kafin ƙarshen aji uku ka samu masu saye da suka dawo karo na biyu, da littafin da ke nuna shigar kowace naira da fitarta, ka kuma san ainihin nawa kayanka suke tsaya maka.

Fara da abin da mutane ke kashe wa kuɗi yanzu

Mako biyun farko kada ka sayi komai. Ɗauki ƙaramin littafi ka riƙa rubuta inda ake layi, da abin da ake shiga gari takanas domin shi, da abin da ake saye ana ƙorafi. Ɗalibin da ke harabar ATBU ta Gubi, inda gari ke da nisa, damuwarsa daban take da ta wanda ke Yelwa ko Gwallameji, inda shaguna suka yi yawa har riba ta kwanta. A Tudun Wadan Gombe kuwa makaranta na cikin gari, don haka masu sayenka sun haɗa da gidaje da ofisoshi da ke kewaye.

Daga nan sai ka zauna da mutum ashirin zuwa talatin, ɗaya bayan ɗaya. A nan ne yawancin rukunoni ke ɓata aikinsu, domin tambayar da suke yi ita ce "Idan na fara kaza za ka saya?" Bahaushe yana da kara. Abokinka ba zai dube ka ya ce a'a ba, zai ce "Ai in sha Allah ni ne na farko," kai kuma ka rubuta shi cikin masu saye. Tambayi abin da ya riga ya faru: yaushe rabonka da sayen wannan abu, a wajen wa, nawa ka biya, me bai yi maka ba. Wanda bai taɓa kashe ko sisi a kan damuwar ba, da wuya ya fara a kanka. Idan kuma wani ya nuna yana so ƙwarai, nemi kafin alƙalami, ko da kwata na kuɗin ne. Mutum biyar da suka ba da kuɗi sun fi hamsin da suka yi alkawari da baki.

Akwai malaman da ba sa cikin jadawalin makaranta, kuma ya kamata a neme su. Dattijon da ya shekara ashirin yana sayar da hatsi a Tudun Hatsi, ko mai kayan gwari a Muda Lawal, ko mai kayan masarufi a Wunti, ya san watan da kaya ke karyewa da watan da suke tashi, ya san dillalin da ke cika mudu da wanda ke taushe shi. Je masa bayan azahar lokacin da kasuwa ta lafa, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, ni ɗalibi ne, an ba mu aiki a makaranta, na zo neman sani a wajenka." Fara da sayen ɗan wani abu. Kada ka tambaye shi ribarsa, ba zai faɗa ba, kuma zai ɗauke ka marar tarbiyya. Tambaye shi abin da ke sa sababbin shiga karyewa, za ka ga ya gyara zama.

Gwaji ƙarami, lissafi cikakke

Ɗauki kunun aya a matsayin misali, tun da kusan kowane aji ba a rasa rukunin da ya zaɓe shi. Lambobin da ke tafe na koyon lissafi ne, kai sai ka sa farashin ranar da ka shiga kasuwa.

A ce dami ɗaya na aiki yana ba da roba 40. Aya da dabino da kwakwa da citta da kanumfari sun ci naira 7,000. Niƙa 600. Robobi 40 da murafensu 2,800. Ƙanƙara 1,000. Kuɗin Keke zuwa kasuwa da dawowa 600. Jimla 12,000, wato kowace roba ta tsaya 300. Idan ana sayarwa 400, ɗalibi zai rubuta a rahoto cewa ribarsa 4,000 ce.

Wannan lissafin ya ɗauka cewa duk arba'in ɗin za su tafi, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Kunun aya ba ya jimirin zafi. A watan Maris da Afrilu, idan ƙanƙara ta narke kuma babu wuta, kafin la'asar ya fara tsami, robar ta kumbura, iska ta riƙa fita idan an buɗe murfi. A ce roba biyar sun lalace ko an ba da su ɗanɗano. An sayar da 35, an samu 14,000, riba ta koma 2,000, kuma ainihin kuɗin kowace robar da aka sayar ya haura zuwa kusan 343. Idan goma ne suka yi kwantai, cinikin 12,000 ne cif, an yi aikin banza. Don haka roba 30 ita ce iyakar da dole a tsallake a kowane dami kafin a fara maganar riba. Wannan lambar ita ce ta farko da ya kamata kowane ɗan rukuni ya haddace.

Sannan akwai kayan aikin da ake saye sau ɗaya: kula, bokitai, rariya da ƙyallen tata, a ce 30,000. Da ribar 2,000 a kowane dami, sai an yi aiki sau 15 kafin kuɗin ya dawo. Idan ana yi sau uku a mako, mako biyar ke nan, kusan sulusin zango. Kuma har yanzu ba a sa ladan wanda ya jiƙa aya tun dare, ya wanke, ya kai niƙa, ya tace, ya ɗura ba. Sa wa aikinka kuɗi, ko da ba za ka cire shi yanzu ba, domin ranar da jarrabawa ta matso ka ɗauki mai taya ka, kuɗin zai fito daga aljihu, kuma idan farashinka bai ɗauke shi ba tun farko, ribar ta tafi.

Da zarar lissafin ya fito haka, hanyoyin gyara su ma suna bayyana. A rage dami zuwa roba 25, a sake lissafin kuɗinsa da iyakarsa, har sai an san yawan masu saye na kullum. A karɓi oda tun daren jiya ta WhatsApp, a yi daidai da ita da ƙarin ƙalilan. A sayi aya da buhu ko rabin buhu lokacin da take araha maimakon mudu-mudu. A wanke robobi da kayan tata da ruwan zafi, a yi aiki da tsabtataccen ruwa, domin ƙazantar kayan aiki na gaggauta tsamin fiye da yadda mutane ke zato. Robar da aka tsinto aka wanke tana da araha, amma mai saye ɗaya da cikinsa ya ɓaci ya isa ya kashe kasuwar a hostal baki ɗaya, ban da haƙƙin da aka ɗauka.

Rukunin da ya zaɓi kiwon kajin nama kuwa, abin da zai fi ba shi wahala shi ne lokaci. 'Yan tsaki 50 suna buƙatar mako shida zuwa bakwai, kuma kowace kaza za ta ci kilo huɗu zuwa huɗu da rabi na abinci a wannan tsakani, wato buhu takwas zuwa tara masu kilo 25. Abinci shi ke cin kusan kashi biyu cikin uku na jarin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi 'yan tsakin da buhu biyu a ce sauran kuɗin zai zo, sai a mako na huɗu, daidai lokacin da cin kajin ya ninka, aljihu ya bushe, a koma ba su dusa, girma ya tsaya. Idan kuɗin buhu tara bai kammalu ba, a sayi 'yan tsaki 25.

A makon farko suna son ɗumi na digiri 32 zuwa 35. Idan ka ga sun dunƙule waje ɗaya suna kuka, sanyi ne. Idan sun watse gefen bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. Hunturun Disamba da Janairu yana kashe ƙanana, zafin bazara kuma yana kashe manyan da suka yi nauyi. Magungunan rigakafin cututtukan kaji da ake kira Gumboro da Lasota a bi jadawalin da likitan dabbobi ya bayar, a ɗauko maganin cikin ƙanƙara, a haɗa shi da ruwan da ba shi da sinadarin kulorin, a ba su da sassafe su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu. Maganin da ya sha rana a aljihu daga shago zuwa gida ya mutu, ko da an ba su. Daga ƙarshe, kazar da ta isa yanka tana cin giram 150 zuwa 200 a rana, don haka kaji 50 suna cinye buhu guda duk kwana uku. Kowane mako na jinkirin sayarwa buhu biyu ne daga cikin riba. Saboda haka a nemi masu saye tun mako na uku, masu gashi da gidajen abinci da gidajen da ke da biki, a kuma ƙirga baya daga Sallah ko Kirsimeti kafin a yi odar 'yan tsaki.

Rukuni, kuɗi da littafi

Rukunin mutum takwas ko goma yakan ƙare da mutum biyu suna aiki, sauran suna jiran maki. Hanyar kauce wa rigima ita ce a rubuta yarjejeniya shafi ɗaya tun ranar farko, kowa ya sa hannu, a ba malamin kwas kwafi. A ciki a faɗi abin da kowa ya zuba, da wanda ke saye, da wanda ke sarrafawa, da wanda ke sayarwa, da wanda ke riƙe littafi. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta lissafi daban. Ƙa'idar musharaka da malamai suka sani tana aiki a nan sosai: riba ana raba ta bisa abin da aka amince tun farko, har a fifita wanda ya fi wahala, asara kuma kowa ya ɗauka gwargwadon jarinsa. A kuma rubuta abin da zai faru idan wani ya ce zai fita a tsakiyar zango, domin cire jari lokacin da kaji ke mako na biyar yana iya rusa kowa.

Kuɗin kasuwanci ya zauna a asusu nasa na daban, ko na banki ko irin su OPay da Moniepoint, kada a haɗa shi da wanda ake turo maka kuɗin abinci daga gida. Littafin ba ya buƙatar kwamfuta. Littafin rubutu mai shafi 60 ya isa, a ja layi: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, dalili, abin da ya rage. A buɗe shafi na musamman ga bashi, da wani ga kayan da suka lalace ko aka yi kyauta da su. Rubuta a take, domin abin da aka bari sai dare rabinsa ake tunawa. Kowace Juma'a a ƙirga abin da ke asusu da na hannu a gwada da littafi. Idan an turo kuɗi, duba asusunka da idonka kafin ka miƙa kaya. Hoton rasit da alat na bogi sun yi yawa.

Bashi shi ne ya fi kashe kasuwancin ɗalibai, saboda masu sayen abokai ne, 'yan ɗaki ɗaya ne, 'yan gari ɗaya ne. Sa doka tun farko ka jingina ta ga rukuni, yadda idan aboki ya ce "Ɗan uwa, sai an turo mini," za ka iya cewa "Wallahi kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, mun yi yarjejeniya." Idan dole sai an bayar, kada jimlar bashin da ke waje ya wuce ribar mako ɗaya.

Takardar tsarin kasuwanci

A rubuta ta bayan an yi gwaji na mako huɗu zuwa shida. Wadda aka saya a shagon buga takardu aka canza suna ana gane ta daga shafi na biyu, saboda farashin cikinta na shekarun baya ne kuma kasuwar da take bayani ba ta garin ba ce. Shafi takwas zuwa goma sun wadatar: damuwar da ake magancewa da waɗanda take damu, abin da aka ji daga bakin mutanen da aka zanta da su, masu irin sana'ar a kusa da farashinsu, yadda ake sarrafa kayan, kuɗin kowane ɗaya da iyakar da ake fara riba, aikin kowa a rukuni, sai haɗurra.

Sashen da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci shi ne jadawalin shigar kuɗi da fitarsa wata-wata na shekara guda. Ɗalibai kan rubuta ciniki iri ɗaya a duk watanni goma sha biyu, alhali makaranta tana da hutu, tana da makonnin jarrabawa da kai kanka ba ka da lokaci, ga azumi da ke sauya lokacin saye da irin abin da ake saye. Ga kuma yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda cinikinsa ya tsaya a kan ɗalibai kaɗai ya ji a jikinsa. Don haka tun a zangon farko ka nemi aƙalla sulusin masu sayenka a wajen makaranta. Ranar kare aiki a gaban malamai, riƙo littafin lissafin da hannunka. Idan aka tambaye ka nawa ka sayar a makon jiya, mutum nawa suka dawo, ka buɗe shafin ka nuna.

Izini, rajista da jari

Kafin ka baza kaya a harabar makaranta, nemi izini a ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka kuma san dokar hostal game da girki da kayan wuta. Rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ba sai an yi gaggawarta ba. Lokacinta shi ne sa'ad da ciniki ya tsaya da ƙafafunsa, kana buƙatar asusun banki da sunan kasuwanci ko kana son kai wa wata ma'aikata kaya. Ana yi ta intanet: ka ba da sunan da kake so, idan an amince za a ajiye maka shi kwana 60, sai ka cike bayanai da lambar NIN da hoto da sa hannu. Rajistar sunan kasuwanci ta ishi mai farawa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, amma wannan yana zuwa da ƙarin nauyin takardu. Ko wanne ka yi, akwai rahoton shekara-shekara da ake biya, kuma barinsa yana jawo tara. Abinci ko abin sha da aka ɗura aka manna wa suna domin kaiwa shaguna yana buƙatar rajistar NAFDAC, kuma za su duba wajen da ake sarrafa shi, wanda ɗakin kwana ba zai taɓa cika sharaɗinsa ba.

Jarin farko ya zama kuɗin da idan ya salwanta karatunka ba zai tsaya ba. Kuɗin makaranta da na haya ba jari ba ne. Manhajojin ba da bashi ta waya suna da ruwa mai nauyi da wa'adi gajere, wasunsu kuma suna bin lambobin da ke wayarka suna tozarta ka, a nisance su. Adashi da gudummawar 'yan uwa sun fi, amma a fayyace a rubuce ko kyauta ce, ko rance, ko hannun jari, domin kawun da ya ba da kuɗi bai faɗi ko mene ne ba yana iya neman su a ranar da ba ka da su. Idan kasuwancin ya yi shekara da littafi mai tsabta, ana iya tunkarar bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da TAJ, inda a tsarin murabaha banki ke sayen injin ko kayan ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya kaɗan-kaɗan. Gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman shiga shirinta a farkon kowace shekara, tana ba waɗanda aka zaɓa horo da jarin dala 5,000, kuma ba a biyan ko kwabo wajen nema. Duk tallafin da aka ce sai ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum, damfara ce.

Mako biyu kafin jarrabawa a daina sayen sabbin kaya, a karɓo basussuka tun mutane ba su watse ba, a ƙirga kayan aiki a sa musu kuɗi. Rukunin ya zauna ya yanke: a raba a tashi, ko waɗanda ke son ci gaba su sayi kason sauran a farashin da littafi ya nuna. Idan za a ci gaba, a tsayar da wanda zai riƙe masu sayen cikin gari lokacin hutu, da inda za a ajiye kula da bokitai, a kuma bar kuɗin dami biyu a asusu domin makon farko na komawa.